PlayStation ko Xbox? Ba girin-girin ba, ta yi mai

Gardama biyu ce ba ta ƙarewa a gidajen gem na Maradi da Tasawa: ta Real Madrid da Barcelona, sai ta PlayStation da Xbox. Ta farkon tana da tushe, domin kowa yana kallon ƙwallon da idonsa, ya ga wanda ya ci da wanda aka ci. Ta biyun kuwa gadonta aka yi daga wayar hannu. Da yawa daga cikin masu tada jijiyar wuya a kanta ba su taɓa riƙe Xbox ba, abin da suka ji a bakin wani Ba'amurke a YouTube ko TikTok shi suke maimaitawa. Yaron da ya zo cin kasuwa daga wani ƙauye na Sarkin Hausa, a gundumar Mayahi, shi ma yana komawa gida da ɓangaren da ya zaɓa, ya riƙa kare shi kamar gonar gado.

Ba na raina wannan gardama, domin a ƙarƙashinta akwai tambaya mai ma'ana: a ina wasa mai kyau yake? Ra'ayina shi ne gasar kamfanonin nan ta daɗe da daina haifar da wasanni masu kyau, a shekarun baya-bayan nan ma ɓarnarta ta fi gyaranta yawa. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne a wasannin jarumta masu labari, irin waɗanda ɗan wasa zai ɗauki jarumi guda tun yana rarrauna, ya yi ta yawo da shi cikin wata duniya, yana faɗa da hannunsa, yana ƙara masa ƙarfi da makamai, labari yana warwarewa har ƙarshe. Su ne suka fi cin kuɗi wajen ƙerawa, kuma su kamfanoni suka fi ɗagawa a matsayin tuta.

Gasar ta girmi yawancin masu yin ta. A farkon shekarun 1990 Nintendo da Sega ne ke kai ruwa rana. Sony ta shigo da PlayStation a Japan a watan Disamba na 1994, Sega ta haƙura da ƙera na'ura a 2001, a shekarar kuma Microsoft ta fito da Xbox. A wancan zamani gasar tana da amfani, don na'urorin sun bambanta ƙwarai, kuma kowane kamfani yana neman abin da zai burge mai saye da shi. Yau PS5 da Xbox Series X, da suka fito tare a watan Nuwamba na 2020, kamfani ɗaya ne, AMD, ya ƙera musu ƙwaƙwalwa. Kusan duk wasan da ke tafiya a ɗaya zai tafi a ɗayar. Da bambancin ƙarfe ya ƙare, sai faɗan ya koma kan wa zai kulle wasa a gidansa ya hana maƙwabci.

A nan ne kuɗi suka yi ambaliya. Microsoft ta sayi ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, a kan dalar Amurka biliyan 7.5, cinikin ya kammala a 2021. Ta ƙara da Activision Blizzard a kan kusan dalar Amurka biliyan 69, aka rufe cinikin a Oktoba na 2023. Sony ta sayi Bungie a 2022 a kan biliyan 3.6. Mai tunani zai ce to, da wannan dukiya ai sai a ga wasannin da ba a taɓa gani ba. Abin da ya biyo baya shi ne, a Janairu na 2024 Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 a sashen wasanninta. A watan Mayu ta sanar da rufe ɗakunan ƙera wasa na Arkane Austin da Tango Gameworks, alhali Tango ɗin ne ya yi Hi-Fi Rush, wasan da masu sharhi da ƴan wasa suka yaba. Sai da kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya zo ya ceci Tango. Sony ma ba ta tsira ba: ta fitar da wasan harbi mai suna Concord a ƙarshen Agusta na 2024, bayan mako biyu ta janye shi daga kasuwa ta mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya ta rufe ɗakin da ya ƙera shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsada ke sauya halin wasan kansa. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kasuwanci ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna cewa Horizon Forbidden West ya ci wa Sony dalar Amurka miliyan 212, The Last of Us Part II kuma miliyan 220. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi tsoro ne ke masa jagora. Ba zai yarda ɗan wasa ya ɓata hanya ba, don kada ya yi fushi ya ajiye. Ba zai bari ya sha kaye da yawa ba. Sai a cika taswira da alamomi, a sa jarumi ya riƙa faɗa wa kansa da ƙarfi abin da ya kamata ya yi, a watsa ƙananan aike-aike ko'ina don a ce wasan yana ɗaukar awa ɗari. Hoto yana kyau har ka ga ramukan gashi a fatar mutum, amma hannunka da kanka ba su da wani aiki mai nauyi. Horizon wasa ne mai kyau a idona, ba na ƙaryata masu sonsa, sai dai kana jin hannun mai lissafin riba a kowane lungu nasa.

Dubi tutoci biyu da aka ɗaga a 2023. Final Fantasy XVI ya fito a watan Yuni a PS5 kaɗai. Faɗansa yana da ƙayatarwa, amma an rage masa zurfin da aka san jerin da shi: zaɓin makamai kaɗan ne, ƙananan ayyukan gefe da yawa ba su wuce kai saƙo ba. Kamfanin Square Enix da ya ƙera shi ya ce ya sayar da miliyan uku a makon farko, amma kafin shekara ta zagayo ya sanar cewa zai koma fitar da manyan wasanninsa a na'urori da yawa. Starfield na Bethesda ya fito a Satumba a Xbox da kwamfuta, aka hana shi shiga PS5. An yi alkawarin duniyoyi sama da dubu, aka cika alkawarin, amma mafi yawansu fili ne fetal da gine-gine iri ɗaya da ake maimaitawa. Magoya bayan kowane ɓangare sun kwashe watanni suna jifan juna da waɗannan wasanni biyu, kuma ƙalilan ne suka tsaya suka tambayi ko wasan da suke karewa ya kai yadda suke faɗa.

Mako guda bayan fitowar Horizon Forbidden West, ranar 25 ga Fabrairu na 2022, kamfanin FromSoftware na Japan ya saki Elden Ring a PS4, PS5, Xbox tsohuwa da sabuwa, da kwamfuta, duk a rana ɗaya. Hidetaka Miyazaki ne ya jagorance shi, marubuci George R. R. Martin ya taimaka da tarihin duniyar wasan. Hotonsa bai kai na Horizon tsafta ba. Duk da haka ya ci kyautar wasan shekara, kuma zuwa 2025 an sayar da fiye da miliyan 30.

Ya kamata a tsaya a kan dalilin. Da zarar ka fito fili a Elden Ring, wani ƙaton mahayi sanye da sulken zinariya yana sintiri a gabanka. Kusan duk sabon ɗan wasa yana tunkararsa, kuma kusan kowa yana faɗuwa nan take. Babu rubutun da zai ce maka ka kauce. Kai da kanka za ka gane cewa wannan ba sa'anka ba ne tukuna, ka zagaye shi, ka je ka yi ƙarfi, ka dawo. Babban abokin gaba na farko, Margit, yana ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama fiye da yadda kake zato, don ya kama mai gaggawar kaucewa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Maradi, mai ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, ya san wannan darasi: ƴan kokowa biyu za su daɗe suna zagaya juna, kowa yana karanta kafaɗa da ƙafar ɗan'uwansa, kuma kaye yana zuwa ne daga wanda ya fahimci lokacin da ɗayan ya saki jiki. Wasan jarumta mai inganci haka faɗansa yake. In ka faɗi ka san laifinka ne, in ka kayar ka san ba kyauta aka ba ka ba. Wannan ba ya buƙatar na'ura mafi ƙarfi, yana buƙatar magini da ya san abin da yake so kuma yake girmama hankalin mai wasa.

Inganci yana da wata fuska, ta labari. The Witcher 3, da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a Mayu na 2015, faɗansa bai kai na FromSoftware ba, amma ko ƙaramin aikin gefe a cikinsa yana da mutane masu rai da zaɓin da zai dame ka bayan ka kashe na'ura. Ya wuce miliyan 50, shi ma a kowace na'ura. Kamfanin nan dai shi ne ya yi gaggawar sakin Cyberpunk 2077 a Disamba na 2020 bai nuna ba, ya riƙa sarƙewa a PS4 har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, bai koma ba sai Yuni na 2021. Gida ɗaya, wasa biyu, kuma abin da ya raba su shi ne lokaci da gaskiya ga mai saye. Alamar da ke jikin na'ura ba ta shigo cikin lissafin ba ko kaɗan.

Adalci ya wajaba a nan. Masu kare gasar suna da hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sony ce ta ɗauki nauyin Demon's Souls a 2009, wasan da ya zama kakan Dark Souls da Elden Ring. Ita ce ta biya kuɗin Bloodborne a 2015, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye a wannan fanni. God of War na 2018 ma kuɗin tuta ne ya gina shi. Na yarda akwai lokacin da son doke abokin hamayya ya sa aka ba masu basira dama. Amma a dubi abin da kulle ya yi wa Bloodborne: ya fi shekara goma yana tsare a gidan PlayStation, mai kwamfuta ko Xbox ba shi da hanyar halal ta taɓa shi.

Su kansu kamfanonin sun fara rushe katangar. A 2020 Sony ta fara kai wasanninta kwamfuta, daga Horizon Zero Dawn zuwa God of War da Spider-Man. A 2024 Microsoft ta kai wasanni huɗu gidan kishiya, ciki har da Sea of Thieves, a 2025 ta bi su da Forza Horizon 5 da Gears of War, waɗanda da can su ne kirarin Xbox. Sony kuma ta bar Helldivers 2 ya shiga Xbox a Agusta na 2025. Nintendo, da ta ƙi shiga tseren ƙarfi tun da daɗewa, ta sayar da Switch fiye da miliyan 150 da na'urar da ta fi sauran rauni. Masu gidan sun sasanta inda riba ta kira su, an bar magoya baya suna ta musu.

Mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi min nauyi. Na'urar da ta raini yaran Maradi, Katsina da Kano ita ce PS2, wadda ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 155. Ta iso mu ne a matsayin ta hannu, mai araha, mai jure ƙura, mai gyaruwa a hannun mai gyaran rediyo. Bayanta PS3 da PS4 suka biyo ta hanya ɗaya. Ashe PlayStation ta ci kasuwarmu tun kafin a fara musu, kuma kasuwar kayan hannu ce ta ba ta nasarar, tare da sauƙin samun wasanni da kayan gyara. Babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ya zauna ya yi shiri domin Tasawa ko Mayahi.

A gidan gem kuɗin zama ake biya, wasa-wasa, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Wannan tsari ya dace da ƙwallo, ya dace da Mortal Kombat, inda minti kaɗan ke raba gardama. Wasan jarumta mai labari yana son mutum ɗaya ya zauna awa hamsin ko ɗari, a ajiye masa inda ya tsaya, ya dawo gobe ya ɗora. Mai shago da ke sayen man janareta ba zai ba mutum ɗaya talabijin na wuni guda ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa za ka ga matashi ya haddace sunan kowane abokin gaba a Elden Ring daga bidiyo, alhali bai taɓa kai wa ko ɗaya sara ba.

Sai wuta. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka nesa. Layin da ke ciyar da Maradi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar har zuwa Maris na 2024. Sai nauyin wasannin: Starfield ya haura gigabait 100, ga gyare-gyaren da ake saukewa bayan an saya. Sai farashi. Sabon babban wasa dalar Amurka 70 ne, kusan sefa 40,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na hukuma yake sefa 42,000 a wata. Na'urar kanta ta fito a kan dalar Amurka 499. Manomin gero da wake a Sarkin Hausa, wanda ɗansa ke tafiya cin rani don a cike gibin rumbu, wannan lissafi ba ya cikin duniyarsa, kuma babu abin kunya a hakan.

Na'urar gem ta gaskiya a yankinmu waya ce, wadda ake cajinta a rumfar mai sola. A kanta ake Free Fire da PUBG da ƙwallo, a kanta kuma wasan jarumta ya sami ƙofar shigowa. Genshin Impact na kamfanin miHoYo da ke Shanghai, wanda ya fito a Satumba na 2020, kyauta ake sauke shi, yana da faɗi da kyau. Amma kuɗinsa yana fitowa ne daga sayar da sa'a: ka biya, a juya maka, wataƙila ka sami jarumin da kake so, wataƙila ka tashi a tutar babu. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a na kuɗi a wasanni a matsayin caca tun 2018. Ina ganin wannan ya fi cancantar iyaye da malamai su sa ido a kai fiye da yawan zaman yaro a gidan gem, domin a gidan gem aƙalla ana ganinsa, ana sanin abin da ya kashe.

Akwai kuma harshe. Wasan ƙwallo ba ya buƙatar fassara, amma wasan labari rabinsa magana ce. Manyan wasannin nan suna zuwa da Turanci, Faransanci, Jafananci da wasu harsuna, babu Hausa a cikinsu, duk da miliyoyin da ke magana da ita, duk da cewa kundin da aka ƙaddamar a Nijar a Maris na 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa. Yaron da bai yi nisa a lakwal ba yana danna maɓalli ya tsallake hirar, ya rasa abin da ya sa wasan ya zama wasa.

Wasu sun daina jira a tuna da su. Black Myth: Wukong, na kamfanin Game Science a ƙasar Sin, ya fito ranar 20 ga Agusta na 2024, an gina shi a kan wani tsohon labarinsu na ƙarni na 16 game da sarkin birai, an kwaikwayi wuraren ibada na gaske na lardin Shanxi a cikinsa. Ya sayar da miliyan 10 a kwana uku, mutanen da ba su taɓa jin labarin ba suka shiga nemansa. Kusa da mu, a Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a Afrilu na 2016, wasan jarumta na wani sarki, Enzo, da matarsa Erine, da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu. Sun tara jarin ne daga ƙananan masu zuba kuɗi, sun yi aikin cikin ɗaukewar wuta irin tamu, kuma da zanen hannu suka yi shi, ba su yi gasar hoto da kowa ba. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 don juyayin rasuwar mahaifinsa, har da muryoyin Suwahili. A Yamai ma Mahaman Sani Housseyni Issa ya ƙera Les Héros du Sahel da jaruminsa Shamsu. Ƙananan ayyuka ne idan aka auna su da na Sony, amma sun tabbatar da cewa ƙofar a buɗe take.

Kayan labari kuwa a ƙofar gidanmu suke. Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan da aka kora suka yi gudun hijira arewa, daga zuriyarsu aka sami Ɗan Kasawa da kafuwar Maradi, aka sami Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙensa. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu a watan Afrilu, suka yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni a watan Mayu. A tsakiyar Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya dakatar da shi, a Ɗankori, kwanaki kaɗan bayan haka sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya suka kashe su biyun. Kaburburansu suna Maijirgi, a gundumar Tasawa, kan hanyar Damagaram. Abdoulaye Mamani ya mai da labarin Sarauniya littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Wannan tarihi jini ne na kakannin mutanen da ke raye, wanda zai taɓa shi dole ya zauna da dattawan garuruwan ya ji daga bakinsu, kuma akwai ɓangarorin da ba su dace da wasa ba sam. Amma mai neman duniya da za a gina wasa a cikinta, da ganuwa da lifidi da sulke, da maharba da fatake da rijiyoyin hanya, da zaɓi mai wuya tsakanin gudu da tsayawa, ba ya buƙatar aron dodannin Turai.

Kayan aikin ma sun sauko. Godot kyauta ne gaba ɗaya, Unity da Unreal suna barin mai koyo ya fara ba tare da biya ba. Abin da zai dace da mu wasa ne ƙarami, mai tafiya a waya mai araha ba tare da intanet ba, da Hausa a baki da rubuce, wanda faɗansa ke da adalci kuma labarinsa ke riƙe mutum. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da masu zane, da marubutan littattafan Hausa, da makaɗan da ke yi wa finafinai sauti, duk suna nan, ba a dai haɗa su a ɗaki ɗaya ba.

Ga matasan da ke wannan musu, roƙona shi ne ku riƙa tambayar wa ya ƙera wasan, me yake nema daga hankalinku, me yake nema daga aljihunku. Ga ƴan kasuwar Maradi da Tasawa masu shigo da na'urorin nan kuwa, ku ware wani abu daga ribar ku ɗauki nauyin matasa biyar ko shida na shekara guda, su gwada ƙera wasa ɗaya da Hausa.